Karkataccen Keken Nasrullahi

Malam Abdulƙadiri mai gyaran keke ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In yana hanyar masallaci ya ga keken wani a jingine da kai a goce, sai ya tsaya, ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa, ya murɗa kan ya daidaita, ya ci gaba da tafiyarsa, mai keken bai ma san an yi ba. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan yana wannan aiki a rumfarsa ta gindin mangwaro, nan Kontagora bakin hanyar Rijau, tun ana kawo masa keke goma a yini har babura suka cika gari aka koma biyu ko uku.

Mutum ne kuma irin na da wajen kunyar ɗan fari. Nasrullahi ne ɗansa na fari, kuma shi kaɗai ne namiji, amma ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa. Sai dai "yaron nan". Matarsa Bashira ma haka, "wancan" take cewa. Ba sa yabonsa a gaban mutane, ba sa tsayawa kallonsa. Ba don ba sa sonsa ba, ku fahimce ni. Haka suka tarar iyayensu suna yi, haka suka yi.

Shi kuwa Nasrullahi da ciwon sikila aka haife shi. Damina ba ta taɓa wucewa bai kwanta ba. Sa'anninsa suna filin ƙwallo, shi yana ɗaki yana kwance rediyo yana mayarwa. Ya tafi Minna karatun injiniya, ciwo ya dawo da shi kafin ya gama, ya buɗe ɗan teburin gyaran waya. Malamarsa ta kimiyya tun yana sakandare, Malama Agatha, mutuniyar Rijau, ita ta ba shi wani ɗan ɗaki a bayan ajinta, ta ce ya riƙa ƙere-ƙerensa a can. A ɗakin nan ya shekara biyu yana haɗa mutum-mutumi mai tuƙa keke.

Tsayinsa kamar na ɗan shekara goma. Jikinsa bututun alminiyam, cikinsa akwati mai ɗauke da batir, kansa tsohuwar fitilar babur. An ɗaure ƙafafunsa a feda da noti, hannayensa sun kama kan keke. Nasrullahi ya raɗa masa suna Mailafiya, wai tunda shi ba ya zazzaɓi.

Ranar da abin ya fara tafiya da kansa, Nasrullahi ya zo rumfa ya durƙusa. Uban yana tsoma tub a ruwa yana neman inda ya huje.

"Baba, Mailafiya ya fara tafiya. Ko za ka zo ka gani?"

"To. Allah ya taimaka," in ji Malam Abdulƙadiri, bai ɗago ba.

Haliru mai doya, wanda teburinsa ke manne da rumfar, abokinsa ne tun suna samari, kuma bakinsa ba ya hutawa. Da Nasrullahi ya tafi ya ce, "Ƙadiri, kai wane irin mutum ne? Ni da ban haife shi ba na je sau biyu. Abu yana murza feda kamar ɗan aike."

"Kai ai ba ka da aikin yi. Doya ba ta guduwa."

"Kai ma faci ba ya guduwa."

"So kake in je in tsaya ina washe baki a gaban aikin yaron nan, 'yan makaranta suna kallona?"

"To ka sa hula ka rufe bakin."

Sau uku Nasrullahi yana kiransa, sau uku yana cewa Allah ya taimaka. A ransa kuwa ya riga ya tsara yadda zai yi. Wata rana zai bi ta bayan makarantar kamar an aike shi, ya tsaya a inda katanga ta zube, ya leƙa, ya wuce. Yana ta cewa sai ruwa ya ɗan ɗauke. Cikin watan Agusta ciwo ya kama Nasrullahi a ƙirji, kwana huɗu a asibiti, ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Shekararsa ashirin da bakwai.

Bayan sadakar bakwai da kwana uku, Malama Agatha ta zo gidan da a-kori-kura. Aka sauke keken da Mailafiya a kansa, aka shigar zaure. Ta shiga ciki ta daɗe wurin Bashira, suka yi kukansu, sannan ta fito ta sami Malam Abdulƙadiri a tsaye nesa da keken, hannu a baya.

"Malam, nan ne gidansa, shi ya sa na kawo shi," ta ce. "Ba abin da Nasrullahi yake so irin ku gan shi yana tafiya, kai da Mama. Zan je Rijau in dawo ran Juma'a. Asabar bayan la'asar a kawo shi filin makaranta, ni na san yadda ake tayar da shi. A dai ajiye shi inda ruwa ba zai taɓa shi ba."

"To, Malama. Allah ya saka."

Da ta tafi sai ya matso. Wannan ne ganinsa na farko da Mailafiya. Ya dubi hannayen, ya dubi yadda aka haɗa gwiwa, ya shafa da yatsa, bai sami inda zai ce an yi ganganci ba. Daga nan idonsa ya sauka kan keken.

Ya san keken. Nasa ne na da, wanda ya bar wa yaron tun yana aji uku. Fok ɗin gaba, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da taya, ya karkace hagu tun wani karo da Nasrullahi ya yi da bakin kwalbati. Tayar baya in an juya ta rawa take yi. Tayoyin duka sun cinye sun yi sumul. A gefen dama na kariya, wato wurin ɗora kaya na baya, kuma an ɗaure wani guntun sifirin na mota da roba, kamar kayan bola. Ɗan mai gyaran keke, a ce a kan wannan ya ɗora aikin shekara biyu, kuma a kan wannan jama'a suka kalla. Ya tuna da wuya a yi wata guda keken nan bai gifta ta gaban rumfarsa ba, yana ganin karkatar, yana kawar da kai, don kada a ce ya bar na mutane yana yi wa ɗansa.

Washegari da safe ya kwance notin ƙafafun Mailafiya, ya ɗauke shi a hankali ya kwantar a kan tabarmar Nasrullahi. Bashira ta kawo zane ta lulluɓa masa. Shi kuma ya tura keken zuwa rumfa.

Kwana huɗu ya yi a kansa, bai karɓi aikin kowa ba. Ya cire fok ya ɗaure a jikin reshen mangwaro, ya zura masa bututu ya miƙe shi, yana rufe ido ɗaya yana dubawa, har ya tsaya cak. Ya bi sifokin tayar baya ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa har rawar ta mutu. Ya sa sabbin tayoyi, ya wanke sarƙa da kananzir, ya cika boris da giris. Guntun sifirin ɗin ya yanke robarsa ya jefar bayan rumfa. Ya goge firam har mutum na iya ganin fuskarsa.

Bashira ta lura cewa a kwanakin nan ne ya fara cinye tuwonsa tun rasuwar. Ta dai ƙara masa malmala.

Haliru ya zagaya keken yana kaɗa kai. "Ƙadiri, wannan ai sai a kai amarya a kansa."

"Asabar ka rufe teburin nan da wuri," in ji Malam Abdulƙadiri. "Ka gaya wa su liman ma. A zo a ga aikin yaron nan."

Haliru ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya fasa. Tun da suke bai taɓa jin abokinsa ya gayyaci kowa don ɗansa ba.

Asabar mutum kusan ashirin suka taru a filin. Bashira ba ta zo ba, ta ce mata na ta shigowa gaisuwa, ba za ta bar gida ba. Malam Abdulƙadiri da kansa ya mayar da Mailafiya kan sirdi ya ɗaure ƙafafun yadda ya same su. Malama Agatha ta iso a makare, tana ba da haƙuri, ta jona batir, ta danna wani maɓalli a bayan akwatin. Fitilar kan ta kama. Ta riƙe kariya, ƙafafun suka fara juyawa, ta bi shi taku uku, ta saki.

Mailafiya ya murɗa kan keke dama da ƙarfi, kamar wanda ya ga rami, ya kife.

Aka ɗaga shi. Ta sake, ya sake murɗawa dama ya faɗi. A karo na uku fitilar kan ta tsage. Wani a cikin mutane ya yi 'yar dariya, liman ya harare shi.

Malama Agatha ta tsuguna tana duba wayoyin ko ɗaya ta cire. Can sai hannunta ya tsaya a kan kariya, inda sifirin yake a da. Ta dubi tayoyin. Ta zagaya gaba ta dubi fok. Ta miƙe a hankali, ta matso kusa da shi yadda mutane ba za su ji ba.

"Malam, an taɓa keken nan?"

"Gyara shi na yi. Duk a karkace yake."

Ta sa hannu ta rufe bakinta. Sannan ta ce, "Laifina ne, ban faɗa maka ba. Malam, abin nan ba ya gani, ba ya ji. Abin da ya sani kawai, in ya ji zai faɗi wani gefe, ya juya kai can kaɗan. Amma sanin yawan kaɗan ɗin nan, wata takwas Nasrullahi ya yi yana gwadawa, yana faɗuwa yana gyarawa, a kan keken nan yadda yake. Keken yana ja hagu, shi ya sa ya koya masa ya riƙa tare shi dama. Ƙarfen da ka cire ma da gangan ya ɗaura. Yanzu ba abin da ke jansa hagu, shi kuwa bai daina tarewa ba."

Malam Abdulƙadiri ya gane tun kafin ta gama. Ya sha ganin wanda ya saba da karkataccen keke, a miƙe masa, ya hau ya nufi kwata. Sai dai mutum kwana biyu ya saba.

"A sake koya masa," ya ce.

"Da kwamfutarsa yake yi, a kulle take, lambar sirrin kuwa shi kaɗai ya sani. Ko an buɗe ta, ni kimiyyar aji na iya. Yaron nan ya wuce ni tun tuni."

Mutane suka yi addu'a suka watse da ɗai-ɗai. Haliru ya kama gaba, shi ya kama baya, suka turo keken gida.

Kwana biyu bai buɗe rumfa ba. A rana ta uku ya fito, ya wuce bayan rumfa yana tona ciyawa.

"Me ka jefar?" in ji Haliru.

"Guntun sifirin. Mai tsatsa."

Haliru ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafar teburinsa. Da shi ya tokare ta, don ƙasa ta zaizaye. Suka sauke doyar Mashegu kusan ƙwarya guda kafin su zaro shi.

"Me za ka yi da shi?"

"Mayar da keken zan yi yadda yake."

"Ka ɓata shi ke nan."

"In ɓata shi daidai yadda yake a ɓace."

"Shekara arba'in kana miƙe ƙarfe, yau za ka koyi lanƙwasawa. Ka zo in ba ka almajiranci, ni duk abin da na taɓa karkacewa yake."

Malam Abdulƙadiri bai yi dariya ba, amma bai ji haushi ba.

Tsofaffin tayoyin suna kan rufin rumfa inda ya danne kwano da su, ya sauko da su ya mayar. Sifirin ya ɗaure a gurbinsa, don tsatsarsa ta bar tabo a kariya. Sifokin baya kuwa hannunsa ya riƙe: guda bakwai ya ɗaure sosai, a jere daga bakin bawul ɗin iska, ya bi su ya sassauta har rawar ta dawo. Saura fok. Ya san hagu ya karkata, amma ko faɗin yatsa ne ko yatsa da rabi, wannan ya kasa tunawa. Da yake gyara ba ya auna ɓarna, inda za a kai yake dubawa.

Malama Agatha ta biyo ta rumfa da rana bayan an tashi makaranta. Da ya faɗa mata, ta ciro wayarta.

"Akwai bidiyon da na ɗauka ranar farko. Na so in nuna maka tun a zaure, na ji tsoro. Da muryarsa a ciki."

"Ba tafiyar nake son gani a gilashi ba," ya ce. "Da ido ya ce in zo in gani. Ki kai ni inda keken yake tsaye yana fuskantar gaba, ki tsayar."

Ta ja bidiyon baya zuwa farko. Kafin ta tsayar, muryar ta riga ta fito, da 'yar shaƙewar nan tasa da dariya a ciki. Ana jin Malama tana cewa fok ɗin nan fa a karkace yake, shi kuma yana cewa, "Bar shi, Malama, haka ya saba. In Baba ya gan shi ba zai iya cin abinci ba sai ya miƙe shi. Ranar da zai zo sai in tsaya a gaba in kare."

Ta tsayar. Haliru ya tashi ya koma teburinsa yana jera doyar da take a jere. Malam Abdulƙadiri ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kawo ta kusa da ido, ya daɗe. Gefen rigar Nasrullahi ya fito a hoton, da hannunsa ɗaya a kan kan keke, siriri, farcen da baƙin mai.

"Yatsa da rabi," ya ce, ya miƙa mata.

Ya lanƙwasa. Aka kai fili da yamma, su uku kawai. Mailafiya ya juya feda sau biyu ya faɗi hagu: an zarce. Ya dawo da shi kaɗan. Washegari ya yi taku biyar ko shida yana tangaɗi, ya faɗi dama. Malama Agatha ta ce saura ƙiris, ta tafa hannu sau ɗaya, ta ji kunya ta daina.

Da ya cire fok ɗin zai ƙara, yatsansa ya ji wani abu a wuyan ƙarfen, inda ƙafafun biyu suka haɗu. Ya shafa baƙin mai ya goge. Man ya zauna a wani layi siriri kamar gashi.

"Ya tsage," ya ce.

"A kai wa mai walda," in ji Haliru.

"Wuta za ta ja shi inda ta ga dama, ga nauyin walda. Ya zama wani fok ɗin ke nan. Wani sabo kuma ba irin ƙarfen nan ba ne, ba a yin irinsa yanzu." Ya juya shi a hannu. "Kwalbati ta lanƙwasa shi, na miƙe, na lanƙwasa, na dawo. Zai ɗauki lanƙwasa ɗaya kawai. In ya ɗauka, zai yi tafiya ɗaya, ko rabinta."

Ranar a gida ya ci abincin rana, abin da ba ya yi. Bashira tana zaune bakin ƙofar ɗakin Nasrullahi tana tsince shinkafa. Tun da aka kawo Mailafiya ita ke kakkaɓe masa ƙura, in an dawo da shi daga fili ta cire masa ciyawar da ta maƙale a gwiwa. Ya faɗa mata yadda ake ciki, bai rage komai ba.

"A bar shi haka, Malam," ta ce. "Ga shi nan muna ganinsa a kan kekensa. In ya karye, shi ke nan, ba keke ba tafiya."

"Haka ne."

"Duk faɗuwar da yake yi sai ya dawo da wani tabon. Jiya hannunsa na dama ya fara sassauci."

"Na gani."

"To a bar shi."

Ya daɗe yana juya cokali a kwano. "Sau uku ya kira ni, Bashira."

Ta ci gaba da tsinta, ta fitar da tsakuwa ɗaya, ta fitar da wata. "Ni ma ya kira ni," ta ce. "Na ce masa ina da wanki."

Kaza ta zo tana cin abin da ta zubar, ba wanda ya kore ta.

"Gobe bayan la'asar," in ji shi. "Ki sa hijabinki. Ba zai yi ta biyu ba."

Da safe ya ɗaure fok a reshen mangwaro. Ya yi bisimilla, ya jingina ƙirjinsa a bututun, bai ja da hannu ba, nauyin jikinsa kawai ya sakar masa kaɗan kaɗan, yana sauraron ƙarfen. Haliru ya kori mai sayen doya da hannu don kada ya yi magana. Da ya kwance ya duba, layin ya ƙara tsawo kamar ƙwayar shinkafa, amma bai rabu ba.

Su huɗu ne a filin. An yi ruwa da safe, ƙasa ta kwanta, ciyawa ta yi shar. Bashira ta tsaya jikin turken ragar ƙwallo, ta kama shi da hannu ɗaya. Malama Agatha ta jona batir, tsagaggiyar fitilar ta kama. Ta dubi Malam Abdulƙadiri, ya ɗaga mata kai. Ta riƙe kariya, taku ɗaya, biyu, uku, ta saki.

Keken ya yi hagu, ya dawo. Ya yi dama, ya dawo. Sai ya miƙe.

Malam Abdulƙadiri ya bi shi a gefe, tsoho ɗan sittin da biyar yana sassarfa a sunkuye, babbar riga a tattare a hammata. Suka wuce inda ya saba faɗuwa, suka wuce tsakiyar fili. Haliru yana ta faɗin "Allahu akbar" a hankali kamar mai tsoron ya firgita shi. Sun kusa ɗaya ragar sai aka ji ƙas, ba da ƙarfi ba, kamar an karya kara. Tayar gaba ta lanƙwashe ƙarƙashin keken, Mailafiya ya tafi ta ka, ƙafafunsa suka ƙara juyawa sau biyu a iska kafin Malama Agatha ta iso ta kashe shi.

 Haliru ya cire hula ya goge fuska da ita. Hannun daman Mailafiya ya cire ya faɗa cikin ciyawa, Bashira ta tako ta ɗauka ta ƙulle a bakin hijabinta. Malama Agatha ta ce za ta nemo mota a kawo sauran gida, su je kawai, ita da Haliru za su jira.

Suka kama hanya, shi a gaba ita a baya yadda suka saba. Sun wuce katangar makaranta, sun wuce masu gasa masara, sai ya rage tafiya har ta iso kusa da shi.

"Kin gani?"

"Na gani, Malam. Alhamdulillahi. Kai da kake kusa ai ka fi ni gani."

Ya yi 'yan taku.

"Fok ɗin nake kallo," ya ce. "Tun da ta sake shi idona na kan tsagar. Ina ganin tana buɗewa, ina cewa bari ya ƙara taku ɗaya in ɗago. Ban ɗago ba."

Bashira ta tsaya a bakin hanya. Wani babur ya wuce da buhun gawayi, ya yi musu oda. Ta dubi mijinta, hannayensa duk baƙin mai, ya rasa inda zai sa su.

"Ko kaɗan?"

"Taya na gani da ƙarfe."

Ta gyara ƙullin da ke bakin hijabinta, ta fara tafiya, a jere da shi wannan karon, a hankali.

"A miƙe yake zaune," ta ce. "Bai sunkuya ba, kansa a sama, kamar wanda ya san inda za shi. Ƙafafun suna tafiya daidai, ba gaggawa. Hannayen ne abin kallo. Ba sa tsayawa, amma ba wani motsi mai yawa ba, kaɗan nan, kaɗan can, kamar mai lallaɓa jariri ya yi barci. Da ya kai tsakiya wata iska ta taso, na ce shi ke nan, sai na ga ya ɗan ba ta kafaɗa ya wuce. Inuwarsa tana gefe, doguwa, in ka dubi inuwar kaɗai ba za ka ce ba mutum ba ne."

"Ya ba ta kafaɗa."

"Ta hagu. Ya ɗan kwanta, ya tashi."

Suka kai kwanar unguwarsu. Mata biyu na zaune a ƙofar gida suna jiran su yi gaisuwa, ga takalmansu nan an jera. Malam Abdulƙadiri ya tsaya nesa kaɗan, a gindin katangar maƙwabci.

"Su ɗan jira," ya ce. "Koma daga inda ta sake shi. Hagu ya fara yi ko dama?"

"Hagu," in ji Bashira, ta jingina da katangar, ta soma daga farko.